Kwana Bakwai a Kudancin Maroko Kan Babur na Haya: Inda Tsarin Farko Ya Gaza da Yadda Aka Gyara Shi

A ɗauka abokai biyu ne daga Kano, kowannensu ya haura shekara goma yana hawa babur a cikin gari da hanyoyin ƙauye, ɗaya Bajaj Boxer, ɗaya Jincheng. Sun samu hutun kwana goma. Burinsu su sauka Marrakesh, su ɗauki babura haya, su haye tsaunukan Atlas, su kai tudun rairayin Merzouga, su dawo. Tsarin da suka fara rubutawa shi ne: watan Agusta, BMW R 1250 GS kowa da nasa, kwana biyar, kimanin kilomita 1,500, har da ratsa hamada daga Merzouga zuwa Zagora ta inda babu kwalta.

Watan, babur ɗin, yawan kwanakin da hanyar hamadar duk suna da matsala. Amma kafin a kai gare su akwai abin da zai iya kashe tafiyar tun a gaban tebur ɗin mai ba da haya, wato takarda da kati. Sunayen ƙananan garuruwa an bar su yadda suke a allunan hanya, domin haka matafiyi zai gan su.

Lasisi, jingina, inshora

Ɗaya daga cikin biyun lasisin mota kawai yake da shi, ajin B. A gida ba wanda ya taɓa tambayarsa. A Maroko lasisin mota ba ya ba mutum damar hawa babban babur, sai ajin A, wanda a Najeriya ake samu ta hannun hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC. Kamfanonin haya da yawa kuma sukan nemi mutum ya kai shekara 25, ya kuma riƙe lasisin babur shekara biyu, kafin su miƙa masa babban inji. Wanda ya yi lasisinsa a watan jiya ya faɗa musu gaskiya tun a saƙon farko, ya samu amsa a rubuce. Lasisin ƙasa da ƙasa fassara ce kawai ta na gida, ba ya aiki shi kaɗai, dole a haɗa biyun, kuma a duba an buga hatimi a gurbin A. Maroko ta shiga yarjejeniyoyin tuƙi na duniya guda biyu, ta Janiba (Geneva) ta 1949 da ta Biyana (Vienna) ta 1968, saboda haka ko wanne samfurin lasisin ƙasa da ƙasa aka ba mutum zai yi.

Batun ya fi tarar jandarma girma. Idan aka yi haɗari kuma lasisin bai dace da babur ɗin ba, kamfanin inshora yana da hurumin cire hannunsa, kuɗin gyara da na asibiti su dawo kan mahayi.

Sai jingina. Mai haya ba ya sakin babur sai ya riƙe wani kuɗi, na ƙaramin babur yakan kai wajen Yuro 1,000, na babban BMW yakan ninka haka ko fiye. Yawanci a katin bashi suke riƙewa: ba a cire kuɗin, ana dai daskarar da shi. Mafi yawan 'yan Najeriya katin cire kuɗi suke da shi, kuma na naira yana da iyakar abin da zai biya a waje, wadda banki ke sauyawa yadda ya ga dama. Mutum na iya tsayawa a Marrakesh da biza da tikiti da komai, na'ura ta ƙi katinsa, babur yana kallonsa. Gyaran shi ne katin dala ko Yuro na asusun kuɗin waje, da tambayar kamfanin tun da wuri: kuna karɓar katin cire kuɗi? Kuna karɓar tsabar kuɗi? In tsaba ce, sai da rasit mai sa hannu da hatimi. In katin cire kuɗi ne, a sani kuɗin gaske ne zai maƙale, kuma banki na iya ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya sake shi, don haka kada kuɗin jingina ya zama shi ne na abinci da masauki.

Inshora hawa uku ce, mutane kuma suna cakuɗa su. Ta farko, wadda doka ta wajabta, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ba ta biyan babur ɗin da kake kai, ba ta biyan ƙafarka. Ta biyu ta lalacewar babur ce, kuma tana da wani kaso da kai za ka fara biya daga aljihunka, wanda a takarda za ka ga an rubuta franchise. Sau da yawa daidai yake da jinginar. Taya, rim, madubi, hannun birki da kuloci da makullin da ya ɓata galibi ba sa ciki. Ta uku ita ce ta lafiyar matafiyi, wadda kai za ka saya tun daga gida. A nan a karanta ƙananan rubutu: da yawa ba sa biyan haɗarin babur da ya wuce 125cc sai an ƙara kuɗi, kuma duk suna sharɗanta hular kwano da lasisi. A nemi wadda ta haɗa da ɗauko majinyaci zuwa babban asibiti da mayar da shi gida.

Mai fasfon Najeriya yana bukatar biza. Tsarin biyan kuɗi ya bi wannan: a ba da kafin alƙalami kaɗan, da sharaɗin a mayar in biza ba ta fito ba, a karɓi takardar tabbatar da hayar a haɗa cikin takardun nema, sai biza ta fito a biya sauran. Jirgin Royal Air Maroc yana zuwa Kasablanka daga Legas da Abuja da Yamai, daga filin jirgin kuma jirgin ƙasa yana kai mutum Marrakesh da canji ɗaya a cikin Kasablanka. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto a bar shi gida, kwastan suna karɓewa.

Me ya sa ba GS ba

R 1250 GS yana da nauyin kilo 249 da cikakken tanki, kafin a ɗora jaka. Boxer bai kai rabin haka ba. A miƙaƙƙiyar kwalta ba a jin nauyin, ana jinsa ne a juyawa cikin lungun Marrakesh, ko a tsayawa a gangara in ƙafa ta sauka kan tsakuwa. Babur ya kwanta a tsaye, madubi da murfin inji sun karce, ɗaruruwan Yuro sun tafi tun ba a bar gari ba.

Gyararren tsarin ya koma kan Royal Enfield Himalayan mai 411cc: nauyi kusan kilo 200, tsayin sirdi santimita 80, tanki lita 15, ƙarfin doki wajen 24. Ba shi da gudu, amma hanyar ba ta gudu ba ce. Wanda ya fi ƙwarewa kuma yake da tsawo zai iya ɗaukar Yamaha Ténéré 700, sai dai sirdinsa ya haura santimita 87. BMW G 310 GS ya fi duka sauƙin nauyi, tankinsa ne ƙarami, lita 11. Shawarar da ta fi ita ce su biyun su ɗauki iri ɗaya, domin tif ɗaya da sifana ɗaya su yi wa kowa.

Abu biyu za su ba ɗan gida mamaki. Ƙananan babura da yawa giyarsu duk ƙasa ake takawa, waɗannan kuwa ta ɗaya ce ƙasa, sauran sama. Wanda ƙafarsa ta saba zai rage giya a inda yake nufin ƙarawa, tayar baya ta ciza. Na biyu birkin gaba: faifai ne mai kamawa nan take, yatsa biyu sun isa. Awa ɗaya a filin da ba kowa a ranar karɓa tana maganin duka biyun. Hannun tuƙi kuwa dama ne, kamar Najeriya da Nijar.

Wata da sanyi

A Agusta zafin Merzouga yana wuce digiri 40 ba wuya. Bakano zai ce ai mun saba, amma bai saba da shi cikin jaket mai sulke da safar hannu da hular kwano na awa shida ba. A tsakiyar hunturu kuma dusar ƙanƙara tana sa a rufe mashigar Tizi n'Tichka. Lokacin da ya fi shi ne Maris zuwa Mayu, ko Oktoba zuwa farkon Nuwamba. An zaɓi Oktoba.

Sanyin dutse ne ke kama baƙo ba shiri. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5. Marrakesh tana wajen mita 460, Tichka mita 2,260, wato bambancin digiri goma sha ɗaya ko sha biyu, ga iskar gudu a kai. Safiyar da ke da daɗi a gari tana iya sandarar da yatsu a sama, kuma sandararren yatsa ba ya jin birki. Riga mai ɗumi ta ciki, rigar ruwa da safar hannu ta biyu su zauna a saman jaka. Hular kwano a zo da ta kai, mai rufe haɓa, mai tambarin inganci na ECE 22.05 ko 22.06, a shiga da ita jirgi a hannu. Ta haya ba wanda ya san sau nawa ta bugi ƙasa.

A 2018 Maroko ta tsayar da agogonta daidai da na Najeriya, ban da watan Ramadan da ake mayar da shi baya da awa ɗaya. A duba ko tsarin yana nan kafin tafiya.

Hanya: a lissafa awa, ba kilomita ba

Kuskuren kwana biyar ya fito ne daga auna hanyar dutse da ma'aunin Kano zuwa Kaduna. A Atlas, in an haɗa kwanoni da manyan motoci da tsayawa, kilomita 45 zuwa 50 a awa shi ne gaskiyar lissafi. Kilomita 300 kenan awa shida zuwa bakwai a kan sirdi, kullum, ba hutu. Sai aka mayar da shi kwana bakwai, kimanin kilomita 1,400.

Ranar farko daga Marrakesh a bi N9 a haye Tichka, jim kaɗan bayan mashigar a karya hagu zuwa Telouet, a gangara kwarin Ounila zuwa Aït Benhaddou, tsohon garin ginin ƙasa da UNESCO ta sa cikin jerinta a 1987. Kusan kilomita 180. Hanyar Telouet siririya ce, ruwa yakan zubo mata tsakuwa. Ta biyu, Ouarzazate, Skoura, Kalaat M'Gouna, Boumalne Dadès a kan N10, sannan a shiga kwazazzabon Dadès har sanannun kwanonin nan masu naɗewa kamar maciji, wajen 175. Ta uku an gajarta ta da gangan, kilomita ɗari da 'yan kai zuwa Tinghir da kwazazzabon Todra, domin a rana ta uku ne baya da wuya da wuyan hannu suke fara kuka. Ta huɗu, Tinejdad, Erfoud, Rissani, Merzouga, kimanin 215, shimfiɗaɗɗiya mai iska.

Rissani ta cancanci awa biyu. A gefenta ne kufan Sijilmasa yake, babbar tashar ayarin Sahara, inda Ibn Battuta ya tashi a 1352 zuwa Mali, ya dawo ta Takedda da Azbin a shekara mai bi. Kasuwarta tana ci Lahadi, Talata da Alhamis. Wanda ya san jan fatar akuyar Sakkwato da Kano da Turawa suka riƙa kira fatar Maroko zai kalli wurin da wani ido.

Rana ta biyar a koma Rissani a kama N12 ta Alnif da Tazzarine zuwa Nkob, wajen 235, kuma nan ne gidajen mai suka fi nisa da juna. Ta shida, Agdz, Taznakht, Taliouine garin za'afaran, kusan 240. Ta bakwai a haye Tizi n'Test, mai tsayin kusan mita 2,100, a sauka Asni a shiga Marrakesh.

Wannan rana ta ƙarshe ita ce mai rauni a tsarin. Hanyar Test ta ratsa tsakiyar yankin da girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta afka wa, mai ƙarfin 6.8, wadda ta kashe kusan mutum 3,000, ta kuma rusa tsohon masallacin Tinmel. An shiga aikin gyara da faɗaɗa hanyar, kuma inda ake aiki akwai ƙura, tsakuwa da jiran a buɗe. A tambayi mai hayar ranar karɓa, a sake tambayar masu masauki a Nkob. In amsar ba ta gamsar ba, daga Agdz a haye Tizi n'Tinififft zuwa Ouarzazate a kwana, washegari a koma ta Tichka. Ko wacce aka bi, kada jirgin komawa ya zama a ranar mayar da babur. Kwana ɗaya na rara dole ne.

Hanyar hamada daga Merzouga zuwa Zagora an cire ta gaba ɗaya. Dalili na farko yana cikin kwangila: yawancinsu sun hana fita daga kwalta, kalmar da za a nema ita ce piste, kuma babura da yawa suna ɗauke da na'urar bin sawu. In abu ya lalace a can, inshora ba ta san da shi ba, kuɗin janyo babur ma naka ne. Na biyu, wajen Ramlia hanyar tana ratsa busasshen kogi mai rairayi laushi kamar gari, inda babur ke nutsewa, wanda bai ƙware ba ya yi ta matsa mai da rabin kuloci har ya ƙone shi. Mai son rairayi ya ajiye babur a masauki ya hau raƙumi.

Wanda kuma yake son ziyarar zawiyar Shehu Ahmad Tijjani a Fas, kada ya cusa ta cikin kwana bakwai ɗin nan. Daga Merzouga kusan kilomita 470 ne, kuma ajiye babur a wani gari daban yana da nasa kuɗin. Jirgin ƙasa daga Marrakesh bayan an mayar da babur ya fi sauƙi.

Ranar karɓa

A ware awa ɗaya da rabi, kada a yarda a yi gaggawa. A ɗauki bidiyo ana zagaya babur, da ma'aikacin a ciki, ana nuna kowane karce, lotsewar tanki, gefen salansa, ƙarshen hannuwa, da lambar kilomita da ma'aunin mai. Duk abin da aka gani a rubuta shi a takardar karɓa, bidiyo shaida ce ta biyu.

Tayar da zanenta ya kusa shafewa ba za ta kai kilomita 1,400 lafiya ba, a nemi a sauya. A duba kaurin takalmin birki gaba da baya. A taɓa sandunan shokozoba na gaba, in akwai danshin mai roba ta fashe, kuma man yana iya gangarowa kan faifan birki. A ɗaga sarƙa da yatsa a tsakiya, wasanta ya zama kamar santimita biyu zuwa uku, a kalli haƙoran gargarenta ko sun yi tsini. Baƙin mai a duba shi babur yana tsaye daidai. Takardu uku su shiga aljihun mahayi: katin mallakar babur da suke kira carte grise, shaidar inshora, da kwafin kwangila. A karɓi fom ɗin constat amiable na rubuta haɗari, da lambar wayar da za a kira ko da dare.

Himalayan mai tif ne, gaba inci 21, baya 17. Faci a nan yana nufin cire taya gaba ɗaya. Su biyun su ɗauki tif ɗaya na gaba, ɗaya na baya, ƙarafan cire taya uku, famfo, sifanar da ta dace da notin aksul, hannun kuloci na rara da gwangwanin man sarƙa. Sarƙa a shafa mata mai duk kilomita 400 zuwa 500, da yamma tana da ɗumi.

Abin da ke kayar da mutane a hanya

Gangara ce ta farko. Wanda ya riƙe birki tun daga saman Tichka, ko ya kashe giya yana murnar rage shan mai kamar yadda wasu 'yan acaba ke yi, zai dafa ruwan birkinsa. Hannun ya yi laushi, a kwana na gaba ba abin da zai kama. A sauka da giya ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe, birki a taɓa a saki. A hawa kuma inji yana rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 1,000, don haka wuce babbar mota a sama yana bukatar fili fiye da yadda ido ya saba.

A kudu kwalta takan nutse cikin busasshen rafi ba gada. Ruwan da aka yi a dutse mai nisa yana iya cika shi alhali sama tana garau a inda kake. A Satumba 2024 irin wannan ambaliya ta kashe mutane ta yanke hanyoyi a kudu maso gabashin ƙasar. Ruwa mai gudu, mai launin ƙasa, ba a shiga, a jira. Bayan ya janye yakan bar laka da rairayi a daidai wurin.

Iyakar gudu 60 ne a gari, 100 a waje. Jandarmomi suna tsayawa da na'urar auna gudu a mashigar garuruwa, daidai inda allo ya sauko daga 80 zuwa 60. In allo ya ce Halte, a tsaya cak a wurin allon, sai an yafito a matsa. Tara tana farawa daga dirhami 150, ana biya a karɓi rasit. Lambobin gaggawa: 19 'yan sanda a gari, 177 jandarma, 15 motar asibiti. Layin Maroc Telecom, Orange ko Inwi ana samu a filin jirgi, taswira kuma a sauke ta cikin waya tun a masauki.

Mai a ce sans plomb, a kalli bakin famfon kafin a zuba, domin gasoil a tankin babur ƙarshen tafiyar ranar kenan. A cika tanki duk kilomita 200 ko da bai nema ba. In aka lissafa lita 4 a kilomita ɗari, tafiyar duka lita 56 ce, a kan dirhami 14 kusan dirhami 800, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a kasafin. Haya a kan misalin Yuro 70 a rana ta kwana takwas, bakwai na hanya da ɗaya na karɓa, ta kama Yuro 560. Ƙananan masaukai da gidajen man ƙauye tsabar dirhami suke so. A tashi da takwas, a sauka kafin la'asar sakaliya, domin bayan magariba akwai jakuna, kekuna marasa fitila da masu tafiya a ƙasa cikin baƙar jallabiya.

Ranar mayarwa a isa da rana, lokacin da mai sa hannu yake nan, da mai daidai yadda aka karɓa. A wanke babur ɗin tukuna, don kada daga baya a ce an gano karce a ƙarƙashin ƙura. A sake bidiyo, a sa ma'aikacin ya rubuta a takarda cewa an karɓa ba ɓarna, a kuma tsaya har ya soke riƙon jinginar a na'urar kati ya miƙo rasit ɗin sokewar.